Dajin da Aka Dasa da Hannu

Kawuna kafinta ne. Ya ajiye zarto da guduma tun da gwiwa ta fara hana shi doguwar tsayuwa, amma idonsa bai yi ritaya ba. Da ya zo Ingila ganin likita ya sauka wajena, sai na rasa inda zan kai shi shan iska. Landan ta gajiyar da shi, matakalan jirgin ƙarƙashin ƙasa sun fi ƙarfin gwiwarsa, gidajen tarihi kuwa ya ce kayan matattu ne aka kulle a gilashi. Na ce masa akwai wani daji a yammacin ƙasar, cikin gundumar Gloucestershire, inda ba hawa ba gangara, hanya a shimfiɗe, ga kujeru duk inda mutum ya gaji. Ya dube ni ya ce, "'Yar nan, dajin da aka sa wa kujeru ai lambu ne." Duk da haka ya ɗauki sandarsa.

Wurin shi ne Westonbirt, kimanin mil uku daga garin Tetbury. Mun hau jirgin ƙasa daga tashar Paddington zuwa Kemble, daga can tasi ta ƙarasa da mu. Faɗinsa ya kai eka 600, itatuwan da aka yi wa rajista a cikinsa sun kai 15,000, iri kusan 2,500 daga sassan duniya masu sanyi, hanyoyin ƙafa kuma in aka haɗa su za su yi mil 17. Kada wannan adadi ya tsorata kowa. Ba wanda ke zagaye shi duka a wuni ɗaya, wanda ya gwada ma ba abin da zai gani sai takalminsa. Wurin kashi biyu ne, da wani kwari mai ciyawa a tsakani. Akwai tsohon gandun itatuwa, wanda aka tsara tun zamanin Sarauniya Victoria, akwai kuma Silk Wood, wanda daji ne na asali tun kafin a zo a ƙara masa baƙin itatuwa.

Da tsohon gandun muka fara, saboda dalili guda: ba a shiga da kare. A Silk Wood an yarda, har a kwance masa igiya ya yi ta gudu. Kawu ba ya shiri da kare ko kaɗan, ni ma ba gwana ba ce, don haka na ga gara mu fara da inda hankali zai kwanta. Ƙarshen watan Oktoba ne, sanyi ya fara cizo amma rana ta fito.

Manyan hanyoyin a daɓe suke da tsakuwa, masu faɗi, keken guragu da na jarirai suna wucewa ba wahala. Wanda tafiya ta gagara ana iya ba shi aron keke mai batir in ya nema tun kafin ya zo. Na yi wa Kawu tayi, ya ce shi ba a kai ga haka ba tukuna. To, muka kama tafiyar tsofaffi, taki goma a tsaya, taki ashirin a zauna. Da ni kaɗai ce da na wuce rabin abin da muka gani ban ko ɗaga kai ba.

Mutumin da ya fara wannan aiki shi ne Robert Stayner Holford, wanda aka haifa a 1808 ya rasu a 1892. Ana ƙirga farkon dashen daga 1829, lokacin yana saurayi, amma aikin ya kankama sosai bayan ya gaji filin daga mahaifinsa a 1839, ga kuma dukiya mai yawa da ta faɗo masa daga wajen baffansa. Gidansu gidan lauyoyi ne, suna kuma da hannun jari a kamfanin New River, wanda tun 1613 yake jawo wa Landan ruwan sha ta wata doguwar magudana. Wato kuɗin ruwan da mutanen birni suka biya shekara da shekaru, shi ne ya tsiro a nan ya zama inuwa. Holford ya yi ɗan majalisa daga 1854 zuwa 1872, ya tara zane-zane da tsofaffin littattafai, ya gina katafaren gida a Park Lane da ke Landan mai suna Dorchester House. An rushe wancan gidan a 1929, otal ɗin Dorchester ne a wurin yanzu.

Abin da ya bambanta dashensa da na masana shi ne bai jera itatuwa dangi-dangi ko ƙasa-ƙasa ba. Don ido ya dasa. Sai da Kawu ya nuna mini na gane yadda abin yake. Muna zaune a wata kujera, ya ɗaga sanda ya ce in dubi bayan itacen nan mai jan ganye. Na duba, duhu ne, wasu itatuwa ne masu kore mai kauri da ba sa zubar da ganye, irin su yew da holi da laurel. Ya ce, "Kin gani? In kana son farin katako ya fito, sai ka zagaye shi da baƙi. Wanda ya yi wannan ya san aiki." Daga nan duk inda na juya sai in ga dabarar. Duhu a baya, haske a gaba. Hanya ba ta miƙewa sai ta lanƙwasa, don kada ka ga ƙarshenta ka ƙosa. Kana cikin matsatsi sai fili ya buɗe, sannan ya sake rufewa. Wasu hanyoyin kuma an miƙe su sak, masu faɗi da ciyawa, kamar wadda ake kira Holford Ride, wadda aka saita ta da gidan maigidan da ke ƙetaren titi. Itatuwan duhun nan ba ado kaɗai ba ne, su ne suke tare wa baƙin itatuwa iska da sanyi lokacin da suke ƙanana.

Ƙasar ma ta taimake shi. Yankin Cotswolds, inda wurin yake, dutsen farar ƙasa ne, itatuwa da yawa ba sa son irinsa. Sai aka yi dace wannan gefen yana da ƙasa mai yashi da ɗan tsami, irin wadda rododendiron da kameliya da mapul suke so.

Inda muka fi daɗewa shi ne gindin sikwoya, manyan itatuwan nan na tsaunukan Kalifoniya. Kawu ya tsaya ya ɗaga kai har hularsa ta nemi faɗuwa. Ya ce, "Ikon Allah." Sannan kafintan ya motsa, ya fara zagaya gindin yana aunawa da taƙi, yana lissafin allo nawa za a fitar. Na ce masa, "Kawu, ku taɓa ɓawon." Ya danna da babban yatsa, yatsan ya nutse kamar a soso. Ɓawon ja ne, mai kauri da zare-zare, shi ne yake kare itacen daga gobarar daji a ƙasarsa, inda zafin wutar ma yake taimaka wa 'ya'yan su buɗe iri ya zube a kan toka. Sai na gaya masa abin da ya ɓata masa lissafi: katakon tsohuwar sikwoya gautsi gare shi. Masu saran itace a Amurka sun sha kayar da ita su ga ta farfashe a ƙasa, abin da ya tsira a yi shinge da rufi da shi. Ya yi shiru, ya sake dubanta, ya ce, "Ashe girman banza ne." Ban yarda da shi ba, amma na bar shi.

Irin wannan itace ya iso Ingila ne a 1853, ta hannun wani mai farautar tsirrai, William Lobb, wanda kamfanin Veitch mai sayar da tsirrai ya aika. An sa mata sunan Wellington, jarumin yaƙin da ya rasu shekara ɗaya kafin nan, masu kuɗi kuma suka yi ta rububinta, kowa yana son a ga tasa a ƙofar gida. Waɗanda suke Westonbirt sun haura shekara 150, amma a lissafin danginsu yara ne, don a Kalifoniya akwai masu fiye da shekara 2,000. Holford bai taɓa ganinsu da wannan tsayin ba. Abin da ya gani 'yan matasan itatuwa ne.

Itacen da ya wanke wa Kawu zuciya shi ne fir ɗin Douglas. Wannan ya san katakonsa, ya ce ya taɓa aiki da shi, mai ƙarfi ne, miƙaƙƙe, ba ya murɗewa. Bai taɓa ganinsa a tsaye da ransa ba. Ya tsinci ɗan ganye a ƙasa ya murza ya shinshina, ƙamshin lemo-lemo. Sunan na David Douglas ne, ɗan Sikotland da ya aiko da irinsa daga arewa maso yammacin Amurka a 1827, ya kuma mutu a Hawaii a 1834 yana da shekara 35, cikin ramin da aka haƙa don kama shanun daji. Kowane itace a nan yana da ɗan allo a rataye, da sunansa na kimiyya da danginsa da ƙasar da ya fito. Mai launin shuɗi alama ce ta zakara, wato wanda ya fi duk irinsa tsayi ko kauri a ƙasar. Kawu ya mayar da neman shuɗin allo wasa, duk wanda ya fara hangowa a cikinmu ya ci.

Jama'a kuwa don mapul suke zuwa a wannan lokaci. Akwai wani fili da ake kira Acer Glade, cike da mapul na Japan, ƙananan itatuwa masu rassa a baje da ganye mai yatsu. Ja, ruwan goro, ruwan ɗorawa, wani har ya yi duhu ya koma shunayya. Yana da kyau, ba zan yi ƙarya ba. Amma a nan ne kowa ya taru, kowa da waya a sama, sai ka jira layi kafin ka tsaya a gindin itace. A ganina an fi jin daɗin mapul ɗin da aka ci karo da shi shi kaɗai a wata kwana, bayansa duhu, fiye da wannan taron da idanu ke rasa inda za su sauka.

Kawu ya tambaye ni ko ciwo ne ya kama ganyen. Ba ciwo ba ne, shiri ne. In rana ta fara gajarta, itace yana janye abin amfanin da ke cikin ganye ya adana a jiki kafin hunturu. Sinadarin da ke ba ganye kore, wato kulorofil, shi ne yake fara rushewa, sai ruwan ɗorawar da ke ɓoye a ƙarƙashinsa tun farko ya bayyana. Ja kuwa sabo ne, a lokacin ake ƙera shi daga sukarin da ya maƙale a ganye. Shi ya sa shekarar da aka samu rana da rana, dare kuma da sanyi marar ƙanƙara, ja yake fi ƙarfi. In aka yi ta ruwa da iska, ganyen sai ya zube kafin ya nuna. Saboda haka ba mai iya yi maka alkawarin ranar da za ka zo ka tarar da shi a kan ganiyarsa. Tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba dai ake sa rai.

Akwai itace ɗaya da hanci ke riga ido samunsa. Muna tafe sai Kawu ya tsaya ya ce wani yana ƙona sukari a kusa. Ba kowa. Katsura ce, ita ma daga Japan da Sin, ganyenta zagaye mai siffar zuciya, in ya bushe ya faɗi sai ya riƙa fitar da wannan ƙamshi. Abin mamaki, in ka ɗauki ganye ɗaya ka kai hanci da ƙyar ka ji wani abu, sai ka matsa gaba iska ta kawo maka shi gaba ɗaya. Kusa da nan muka ga mapul mai ɓawon kirfa wanda yake saɓulewa siriri-siriri yana nannaɗewa. Ernest Wilson ne ya kawo shi daga Sin a 1901, shi kuma ɗan wannan gunduma ne, haifaffen Chipping Campden. Yawancin irin da itacen ke zubarwa fanko ne, ba ya tsirowa, a dazukan Sin ma ya yi ƙaranci. Wannan na cikin abin da ya sa wuri irin wannan ya wuce wurin yawo kawai: akwai itatuwan da suke fuskantar ƙarewa a ƙasashensu, ana riƙe da su a nan, ana tsirar da sababbi.

Bayan mun huta mun sha shayi mai zafi, muka nufi Silk Wood. Da can sai an gangara kwari an hau, abin da gwiwar Kawu ba za ta yarda ba. A 2016 aka buɗe wata gada ta masu tafiya a ƙasa, tsawonta mita 300, wadda ta tashi daga bakin kwarin ta ratsa ta cikin rassan itatuwa. Ba matakala ko ɗaya. Kana tafiya a miƙe ƙasa ce take yin nisa da kai, har ka kai mita 13 a sama ba ka san ka hau ba. Kawu ya fi kula da ƙafafun gadar fiye da abin da ake hangowa, dogayen gungume ne da aka kafa a karkace bibbiyu. Ya leƙa ya ga yadda aka ɗaure su da ƙarfe, ya gyaɗa kai, ya ce a wuce.

Silk Wood ne ya fi kwanta mini. Ya fi girma, ya fi shiru, mutane sun bazu har ka yi tafiya mai nisa ba ka ji muryar kowa ba sai haushin kare daga nesa. Karnukan ma, a gaskiya, ba su kula mu ba. Daji ne da aka san da shi tun ƙarni na 13, na oak da hazel da ash. Ɗan Holford, Sir George, shi ne ya faɗaɗa dashe zuwa cikinsa, ya yanka manyan hanyoyi ya jera baƙin itatuwa a gefensu, ya bar cikin dajin yadda yake. Don haka in ka bi babbar hanya kana cikin lambu, in ka ratse taki kaɗan ka shiga dajin Ingila na da. Ƙananan hanyoyin ƙasa ce, in an yi ruwa akwai taɓo, takalmin kirki ya zama dole.

A nan ne itacen da ya fi kowane tsufa yake, kuma in ba a nuna maka ba za ka wuce shi. Lindin ce mai ƙananan ganye, an ƙiyasta shekarunta sun kai 2,000. Na sa ran ganin gindi mai kauri wanda mutum goma ba za su zagaye ba. Abin da muka tarar kurmi ne na sirara-siraran sanduna masu yawa, sun yi da'ira, tsakiya ba komai. Kawu ya ce, "Ina itacen?" Na ce, "Shi ne wannan duka." Tun zamanin da mutanen yankin suke sare ta daga gindi, su ɗebi sanduna, su saɓule ɓawon ciki su tufka igiya. Ita kuma sai ta yi toho daga gefen kututturen. In tohon ya girma a sake sarewa, ya sake fitowa ta waje. A haka tsakiyar ta ruɓe ta ɓace, da'irar tana ta faɗi, saiwar kuwa ɗaya ce. Lindin da aka bari ta girma yadda take so ba ta kaiwa wannan shekaru, nauyinta da ruɓa sukan kayar da ita. Har yanzu ma'aikatan wurin suna sare wannan kusan duk shekara ashirin.

Wannan ya shiga ran Kawu fiye da sikwoya. Ya zauna a kan wani gungume ya yi ta kallonta. Ya ce shi duk rayuwarsa ya ɗauka mai gatari abokin gabar itace ne, ko da yake da shi yake ci. Na ce ai ya danganta da inda aka sara da kuma lokacin. Ya ce, "Da kuma wanda zai dawo bayan shekara ashirin ya sake. In uba ya sara ɗa bai zo ba, shi ke nan." Ana yin irin wannan sara a wasu sassan dajin har yau, musamman ga hazel, ana yin gawayi da shinge da sandunan. Inda aka sare, haske yana sauka ƙasa, furannin daji su samu damar fitowa. A ƙarshen Afrilu zuwa Mayu ƙasan dajin kan rufe da wani fure shuɗi mai siffar ƙararrawa.

Ba duk abin da muka gani ne mai daɗi ba. Mun iso wani wuri da aka share fili guda, kututture ko'ina, da ƙananan dashe a cikin bututun kariya. Itatuwan ash ne aka sare. Wata cuta ce ta naman gwari, asalinta gabashin Asiya, wadda aka fara tabbatar da ita a Birtaniya a 2012. Tana shiga ta ganye, ta busar da rassa daga sama, itacen ya yi rauni har ya zama haɗari ga mai wucewa. Ta kashe ash masu ɗimbin yawa a faɗin ƙasar, Silk Wood ma bai tsira ba. Kawu ya san katakon ash, shi ake yi wa guduma da gatari ƙota saboda yana shanye duka ba ya tsagewa. Ya ɗauki wani guntu ya juya shi ya ƙirga zoben shekarunsa da farce. A wurin da aka share ana dasa itatuwa iri-iri a gauraye, don kada wata cuta ta sake zuwa ta tarar da dangi ɗaya ta share. Masu dashen har da yaran makaranta da 'yan sa-kai. Itacen da aka kayar a gandun kuma ba ya tafiya a banza, akwai wurin aikin katako a ciki inda ake yanka shi a yi kujeru da ƙananan kaya. Da ƙyar na fitar da Kawu daga nan.

Wanda zai zo a ƙarshen Oktoba ya tuna ana mayar da agogo baya da awa ɗaya ranar Lahadin ƙarshe ta watan, daga nan kafin ƙarfe biyar duhu ya fara. A sayi tikiti ta intanet tun da wuri, a kuma guji Asabar da Lahadi in da hali. Mu a Tetbury muka kwana, don washegari muna da sauran rabin labarin.

Gidan Holford yana ƙetaren titi, kuma ba a haɗe yake da gandun ba yanzu. Sir George ya rasu a 1926 bai bar ɗa ba, dukiyar ta koma hannun ɗan 'yar'uwarsa, aka sayar da gidan ya zama makarantar kwana ta 'yan mata a 1928. Gandun itatuwan kuma ya koma hannun hukumar kula da dazuka ta ƙasar a 1956, ita ce ta buɗe shi ga jama'a. Tun da gidan makaranta ne, lambunsa ba kullum ake shiga ba, sai wasu ranaku da ake sanarwa. Sai da na daidaita tafiyarmu da ɗaya daga cikinsu.

Lewis Vulliamy ne ya zana gidan, aka gina shi tsakanin 1863 da 1870, da dutsen yankin mai ruwan zuma, an kwaikwayi fasalin manyan gidajen zamanin Sarauniya Elizabeth ta farko. Lambun daban yake da gandun. A can an ɓoye hannun mutum, a nan an nuna shi. Dandamali ne hawa-hawa, da matakalan dutse da maɓuɓɓugar ruwa, da wani sashe da ake kira lambun Italiya, an yanka shi murabba'i-murabba'i, da ƙananan rumfunan dutse masu ado a kusurwa. Akwai ɗakin gilashi na kameliya. In ka yi nisa da gidan tsarin sai ya sassauta, ciyawa ta buɗe, ga tafki da duwatsun da aka jera kamar Allah ne ya ajiye su. A ƙarshen Oktoba furanni sun ƙare, ƙashin lambun kawai ake gani, ni kuma hakan bai dame ni ba. Matakalan dai sun sa Kawu ya zaɓi inda zai bi, wasu wuraren na shiga ni kaɗai na dawo na ba shi labari.

A cikin lambun akwai tsohon coci, shi kaɗai, ba gida ko ɗaya kusa da shi. Kawu ne ya lura. Ya ce ba a gina wurin ibada a inda ba mutane, ina mutanen? Amsar ita ce Holford ya tashe su. Ƙauyen Westonbirt a nan yake a da, kewaye da cocin, amma ya tare masa inda yake son lambu da abin da yake son hangowa ta taga. A shekarun 1850 ya rushe gidajen, ya gina sababbi kimanin rabin mil daga wurin, ya karkatar da hanyoyi. Ba shi ya fara ba, masu manyan filaye a Ingila sun sha yin haka, ƙasar tasu ce, mazauna kuma 'yan haya ne da ma'aikatansu.

Muka yi ta musu a kan wannan har muka fito. Ni na ce abin ya rage mini daɗin wurin, tun da sauƙin tafiyar da muka yi ta yabo jiya da shirun da muka ji, an same su ne bayan an kawar da wasu daga hanya. Kawu ya ce in bari sai mun ga gidajen da aka ba su tukuna. Ya ce shi ya yi wa masu kuɗi aiki ya san halinsu, akwai wanda zai tashe ka ya bar ka a rana, akwai wanda zai tashe ka ya ba ka abin da ya fi naka, ko da yake duk biyun ba wanda zai tambaye ka ko kana so.

Na roƙi mai tasi ya bi da mu ta ƙauyen. Gidajen dutse ne a jere a bakin hanya, masu kyau, da 'yan lambuna a gaba. Na ce wannan bai canza maganata ba. Kawu bai amsa ba, hankalinsa ya riga ya tafi kan rufin gidajen yankin, waɗanda ake yi da falalen dutse. Ya ce wa direban, "Malam, ɗan rage gudu." Ya nuna mini yadda aka jera su, manya a ƙasa wajen bakin rufi, suna ƙanƙancewa layi-layi har zuwa tsororuwa. Ya ce nauyin da ke kan rufin nan ba ƙarami ba ne, dole manyan su zauna a kan bango inda akwai ƙarfi, kuma duk wanda ya ɗora wannan dutse a kan katakon da ba oak ba, kafin shekara goma rufin zai lotsa. Direban ya ce kakansa aikin da ya yi ke nan. Daga nan har tashar Kemble ni ce tafinta a tsakaninsu.